Kafin a Sauke Mota ta Gaba: Yadda Mai Sito Zai Kula da Lafiyar 'Yan Dako

Tirela mai ɗaukar tan 30, in hatsi aka loda mata a buhu mai kilo 100, buhu 300 ke nan. A ce mutum goma ne suka kama saukar da ita. Kowannensu buhu 30 zai bi ta kansa, wato tan 3, daga bayan mota zuwa ƙuryar sito, wani lokaci har da hawa kan jeri. Da kaka, ranar da kasuwa ta buɗe a Dawanau, waɗannan mutum goma suna iya gamawa da mota uku kafin magariba. Tan 9 ke nan a wuyan mutum ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin sito ya san lissafin buhu da na kuɗi a ka, amma lissafin wuya da gadon baya ba kasafai ake yin sa ba.

Na yi shekaru ina akawu a siton hatsi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin ƙarshen ƙarfafan. Wanda jiya ake kira in buhu ya gagari kowa, bayan 'yan shekaru sai ka same shi zaune a bakin ƙofa yana ɗinkin buhu, in zai miƙe sai ya dafa bango. Yawancin ciwon nan tsarin aiki ne ke jawo shi, tsarin kuwa a hannun maigida yake: nauyin buhu, lokacin lodi, hanyar da ake bi da kaya, da yadda ake sallamar mutane. Cewa "ku riƙa kula da kanku" ba ya rage kilo ko ɗaya. Don haka da mai sito nake magana, da manaja, da shugaban 'yan dako, ko hatsi kuke ajiyewa, ko siminti, ko taki, ko katan-katan irin na kasuwar Singa, ko dilolin Kantin Kwari.

Mataki na 1: Ka ba aikin yini guda, ka kalle shi

Kafin ka sayi komai, ka ɗauki kujera ka zauna inda ake lodi daga safe zuwa yamma. Ka ƙirga taku nawa ne daga mota zuwa jeri. Ka lura da inda mutane ke tuntuɓe, inda suke sunkuyawa da kaya a ka don ƙofa ta yi gajarta, da lokacin da hira ke ɗaukewa don gajiya. Ka ɗora buhu biyar a sikeli ba tare da zaɓe ba. Buhun da ake ce wa na kwano 40, in an danna shi an ƙara masa baki, yakan zarce kilo 100.

Sannan ka yi tambaya, amma ka san yadda za ka yi ta. In ka tara su ka ce wa ke da ciwo, amsa ɗaya za ka ji: "Alhaji, lafiya lau, mun saba." Kowa na tsoron kada gobe a ce ya huta, hutu kuwa a wurinsa yunwa ce a gida. Ka kira dattijon cikinsu gefe, ka ce, "Baba, wane aiki ne a nan yaran suka fi gudu?" Daga nan za ka ji gaskiya. Ka samo littafi na daban, ba na kaya ba, ka fara rubuta duk wanda ya ji ciwo ko ya sha da ƙyar: rana, lokaci, wuri, da abin da yake ɗauke da shi. Cikin wata biyu littafin da kansa zai nuna maka inda matsalar take.

Mataki na 2: Ka rage abin da ke hawa kan mutum

Tun shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk inda namiji baligi ke ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, a gaggauta sauko da shi zuwa wannan awon. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ma kilo 23 ta ɗauka a matsayin iyaka, shi ma in komai ya daidaita: kaya kusa da jiki, ba juyi, ba sauri. Buhunmu na hatsi ya kusa ninka awon farko, ya ninka na biyu fiye da sau huɗu.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu fayafayan guringuntsi masu taushi da ke aiki kamar matashi. Nauyi mai yawa, musamman in mutum ya sunkuya kuma ya murɗa ƙugu lokaci ɗaya, yana matse su har ɗaya ya bulluƙo ya danne jijiya. Shi ne ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya sauka ta bayan cinya har tafin ƙafa. Ɗauka a ka kuma wuya take ci. Ga yunƙurin ɗagawa da ke tura hanji ta inda bangon ciki ya yi rauni, abin da muke kira ƙaba ko gwaiwa.

Gyaran da ya fi kowanne shi ne buhu mai kilo 50. Siminti da taki da shinkafa da sukari duk a haka suke zuwa, kuma kasuwarsu ba ta tsaya ba. Na san abin da za a ce: mai saye ya saba da babban buhu, da shi ake yanka farashi, kuma kuɗin buhu da ɗinki zai ƙaru. Gaskiya ne, kuma mai sito ɗaya ba zai sauya al'adar kasuwa shi kaɗai ba. Amma kayan da kai ne ke gyara su ka sake zubawa, kamar riɗi da waken suya da za a fitar waje, ba wanda ya hana ka zuba su a ƙaramin buhu tun yau. Kuma magana ce da ta cancanci a kai ta gaban shugabannin kasuwa.

Kafin wannan lokacin, ga abin da ke hannunka. Kada mutum ɗaya ya ɗaga babban buhu daga ƙasa. Mutum biyu su ɗora masa, kuma a samu mai karɓa a inda zai sauke. In tazarar ta wuce 'yan taku kaɗan, a sa kura ko baro, taya ta ɗauki abin da wuya zai ɗauka. In kana da halin gini, ka yi dakali a bakin sito daidai da tsayin bayan mota, yadda za a turo kura kai tsaye ba hawa ba sauka. A ganina babu kuɗin da mai sito zai kashe da ya kai wannan dakalin amfani, don yana rage ciwo yana kuma rage lokacin da mota ke tsaye. A riƙa juya mutane: wanda ya yi awa guda yana ɗauka ya koma ɗorawa ko ƙirga. Sabon shiga kuma a koya masa a aikace: ya matso da kaya jikinsa, ya lanƙwasa gwiwa, ƙafafu su yi aikin, in zai juya ya juya da ƙafa kada ya murɗa ƙugu. Sai dai kada a yaudari kai, iya ɗauka ba ya mayar da kilo 100 ya zama mara illa.

Mataki na 3: Hanya, katako da jeri

Wannan ba ya cin kuɗi sosai. Hatsin da ya zube a kan siminti santsi gare shi kamar an zuba ƙananan duwatsu, musamman wake da waken suya, don haka a sa mai shara tsakanin mota da mota. A cike ramuka. Katakon da ake hawa mota da shi ya zama mai faɗi da kauri, a buga masa ƙananan katakai a gicciye don ƙafa ta samu mariƙa, a kuma ɗaure kansa kada ya zame. Silifas ɗin roba ba takalmin dako ba ne. Ka saya musu takalmi rufaffe mai kama ƙasa.

Jeri a yi shi kamar ginin bulo, kowane sahu ya gitta na ƙasansa, a kan katako, kuma nesa kaɗan da bango. Ka ja layi da fenti a bango inda jeri zai tsaya, kowa ya san ba a wuce shi ko da sito ya cika. Kada a taɓa zare buhu daga ƙasa ko tsakiya. Daga sama ake ci.

Mota mai ja da baya tana kashe mutane a harabar sito, don direban tirela ba ya ganin abin da ke bayansa. Mutum ɗaya tak zai ba shi hannu, a inda yake ganinsa ta madubi, in ya daina ganinsa ya taka birki. Da ta tsaya a kashe inji a sa wa taya waigi. Kuma a hana kwanciya a ƙarƙashin mota. Mutane inuwa suke nema, shi ya sa suke shiga can. Ka kafa musu rumfa, za su daina.

Mataki na 4: Zafi, ruwa da azumi

A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi yakan kai digiri 40 ko ya wuce, cikin sito mai rufin kwano kuwa abin ya fi haka. Jikin mai ɗaukar kaya kuma yana haifar da nasa zafin daga ciki. Matakin farko shi ne sauya agogo: lodi mai nauyi daga bayan asuba zuwa hantsi, sannan daga bayan la'asar. Tsakanin azahar da la'asar a bar shi ga ɗinki, ƙirga da hutu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a yini, a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba, kuma a kowane kwana 7 yana da yini guda cur na hutu.

Ruwa kai za ka samar, kyauta, a randa ko kula, a ajiye shi a bakin aikin. In sai mutum ya ciro kuɗi daga abin da ya samu zai sha, to zai daure wa ƙishirwa. Awon da masana ke bayarwa ga mai aikin ƙarfi cikin zafi shi ne kofi guda kowane minti 15 zuwa 20, kusan ledar ruwa ɗaya duk rabin awa ke nan, kada kuma a wuce lita ɗaya da rabi a awa. Hanya mafi sauƙi da mutum zai gane halin da yake ciki ita ce fitsarinsa. In ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko ya yi kaɗan, jiki ya bushe. Wanda ya yi gumi sosai har tsoka na ɗaure masa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A kula da 'yan ci-rani da suka iso jiya, da wanda ya dawo daga jinya. Jiki yana bukatar kwanaki kafin ya saba da aiki cikin zafi, kuma a kwanakin farko ne aka fi faɗuwa. Ranar farko ya yi kashi 1 cikin 5 na aikin, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan har mako ya zagayo.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, gumi kamar an watsa ruwa: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa, kuma aikinsa na ranar ya ƙare. In kuwa ya fara sambatu, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya faɗi, to rai ake magana. A kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki.

Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo cikin watan Maris, zafi na tasowa, kuma duk wanda ya yi lodi a lokacin ya san yadda aka ji. A watan azumi ka mayar da babban aiki bayan sahur ko bayan tarawihi, ka sa fitilu masu haske sosai, ka kuma gaya wa masu motoci tun da wuri cewa ba a sauke kaya da tsakar rana. Hukuncin wanda ya galabaita yana azumi na malamai ne, a tambaye su tun kafin watan ya kama. Naka shi ne kada ka tsara aikin da zai kai bawan Allah ga wannan halin.

Mataki na 5: Abin da ake shaƙa

Ƙurar hatsi da ƙaiƙayi, in suka haɗu da hazon hunturu, suna kawo tari da ba ya jin magani da kuma asma. Buhun da ya yi funfuna ya fi haɗari. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci yana tare manyan ɓarɓashi ne kawai. A nemi takunkumi mai matse fuska irin wanda ake kira N95, a kuma buɗe tagogi ta ɓangarori biyu iska ta ratsa. Sheƙa da kaɗe buhu a yi su a waje. Masu siminti su samu safar hannu da ruwan wanka, don siminti in ya haɗu da gumi yana cin fata.

Maganin ƙwari shi ne inda nake so a fi natsuwa. Ƙwayar Phostoxin da ire-irenta, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwaro, da ta ji danshin iska sai ta fara fitar da iskar gas mai suna fosfin. Wannan iskar tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro, kuma ba ta da makari. Tana ratsa tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa ta shiga ɗakin da ke maƙwabtaka. Wani lokaci ana jin wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma rashin jin wari ba shaidar aminci ba ne, kuma takunkumin ƙura ba ya tare ta ko kaɗan. Alamunta ciwon kai, amai, nauyin ƙirji da sarƙewar numfashi, kuma suna iya jinkirta sa'o'i kafin su tsananta.

Saboda haka wanda aka horar ne kaɗai zai sa ta. A rufe hatsin ruf, a kulle sito, a rubuta gargaɗi da ranar da aka sa, a kuma faɗa da baki don ba kowa ke karatu ba. A cika kwanakin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan a buɗe ƙofofi iska ta wanke wurin sosai kafin kowa ya shiga. Babu mai kwana a ciki ko a jikin bangon, kuma a nan mai gadi da yaran mota nake nufi, don su ne ke shimfiɗa tabarma a inda suka samu. Tokar da ƙwayar ta bari a binne ta nesa da mutane. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi kuwa ba na zubawa a abinci ba ne, suna cutar da mai yayyafawa da mai ci. Ga wake musamman, buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na yankinmu, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da magani ba.

Ɓera ma ba hatsi kaɗai yake ɓatawa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma da rani ya fi tashi. A yayyafa ruwa kafin a share inda ɓeraye suka yi kashi, a toshe ramuka, a ajiye sabulu da ruwa inda ake cin abinci. Janareta kuma a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai sa mutum barcin da ba ya tashi.

Mataki na 6: Yadda kake biya

Duk abin da na faɗa a sama zai rushe in ba a taɓa wannan ba. Muddin kuɗin mutum a kan yawan buhun da shi kaɗai ya ɗauka yake, hutu asara ne a wurinsa, jiran mai ɗora masa asara ne, tsayawa shan ruwa ma asara ne. Zai yi gudu da kaya, zai ɓoye ciwo, in jiki ya ƙi kuma zai nemi abin da zai tilasta shi.

Ta nan ƙwaya ke shigowa. Da yawa daga masu shan tiramadol a wuraren lodi ba don maye suka fara ba. Baya ne ke ciwo, ga mota a tsaye, ga iyali na jira. Ƙwayar tana rufe ciwon, mutum ya ci gaba da ɗora nauyi a kan abin da ya riga ya lalace, a hankali kuma jiki ya kasa tashi sai da ita. Mai yawan awo tana sa farfaɗiya, ka tuna kuma mutumin yana iya kasancewa a kan katako da buhu a ka. Haka haɗe-haɗen magungunan ciwon jiki da ake saya a hannun masu talla, irin su diklofenak, in ana sha kullum cikin zafi da ƙarancin ruwa suna taɓa ƙoda suna kuma kawo gyambon ciki. Korar wanda aka kama ba ta gyara komai, siton gaba zai koma. Ka kira shi kai da shi, ka tambayi abin da ke masa ciwo, ka haɗa shi da likita, ka sauya masa aiki na ɗan lokaci. Mai sayarwa kuwa kada ya samu wurin zama a harabarka.

Gyaran biya shi ne a yi jinga da ƙungiya a kan mota ko a kan tan, su raba daidai, har da wanda ke ɗorawa da wanda ke shara. Ta haka ƙarfi da rauni za su rufa wa juna asiri. In ka koma ƙaramin buhu, kada kuɗin tan ya ragu, don zirga-zirga ta ƙaru. In ka tara mutane tun safe mota ba ta iso ba, ka ba su wani abu na jira. Ka biya a ranar, a fili, kowa ya ji nawa aka bayar, don kada wani a tsakiya ya yanki rabonsa a ɓoye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ya kuma hana a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora masa to a taimaka masa. Kowa a kasuwa ya haddace na farkon. Na biyun ne ya kamata a rubuta a ƙofar sito.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi. Ka san sunayensu. Ka hana yaranka zagin dattijo don ya yi nawa. Ka tanadi banɗaki, wurin alwala da inuwar cin abinci. Mutumin da ake kira "kai, lebura" ba zai zo ya gaya maka katako ya tsage ba.

Mataki na 7: Waɗanda ba sa ɗaukar buhu

Matan da ke tsintar zoɓo da gyaran riɗi suna yini a zaune a ƙasa cikin ƙura, baya a lanƙwashe. Su samu benci da tebur, takunkumi, banɗakinsu na daban, da mace mai kula da su wadda za su iya kai wa ƙara in wani ya yi musu maganar banza. Goyo kada ya zauna cikin ƙurar. Yara ƙanana, almajirai ne ko 'ya'yan ma'aikata, ba su da aiki a wurin lodi, ƙashinsu bai gama ƙwari ba.

Direban da ya kwana yana tuƙi daga Legas, in an gama sauke masa kada a matsa masa ya juya nan take. A Tarayyar Turai doka ta tsayar da tuƙi a kan awa 9 a yini, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Ko ba mu kai can ba, tabarma a wuri mai aminci da ruwan wanka ba su fi ƙarfin mai sito ba.

Mataki na 8: Ranar da aka ji ciwo

Za a ji, komai kulawa, don haka a shirya tun yau. A ajiye akwatin taimakon gaggawa da bandeji, auduga, safar hannu da maganin wanke ciwo, makullinsa kuma kada ya tafi gida a aljihun manaja. Mutum biyu aƙalla su koyi taimakon farko. A san asibitin da za a nufa da motar da za ta kai, a rubuta lambar gaggawa 112 a bango.

Jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta a ci gaba da dannewa. Ba a zuba man birki, toka ko ƙasa. Ƙusa ko ƙarfe ya soki mutum, a wanke a je a yi allurar tetanas. Wanda ya faɗo daga mota ko jeri ya rufto masa, in yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa, kada kuma a zaunar da shi a adaidaita-sahu. A kwantar da shi a kan faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa. Karaya a fara ɗaukar hoto kafin a yi maganar ɗori. Mutanen Kano suna da Asibitin Ƙashi na Dala a kusa. Ƙabar da ta kumbura ta yi tauri ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, aikin tiyata ne na wannan daren. Haka ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari.

Sai maganar wa zai biya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, kuma ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma maigida ya kai rahoto cikin kwana 7. In kana da kamfani mai rajista, ka je ofishinsu ka yi abin da ya dace. Ka kuma bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharka, kamar hukumar KSCHMA a Kano, ka ji yadda ake shigar da ƙungiya.

Ƙaramin sito ma yana iya kafa asusun jinya. A kan kowace mota maigida ya ajiye wani abu, ƙungiyar 'yan dako ta ajiye nata, kuɗin ya zauna a hannun mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, a riƙa karanta lissafinsa a gaban kowa duk ƙarshen wata. Daga ciki za a biya asibiti, a kuma kai wa iyalin mai jinya cefane har ya tashi. In ya dawo, kada a mayar da shi kan buhu a ranar. A ba shi ƙirga, ɗinki ko riƙon sikeli na mako biyu ko uku, da rabonsa cikakke. Sannan a buɗe littafin nan na mataki na 1, a rubuta abin da ya faru, a je inda ya faɗi tare da waɗanda suka gani, a gyara wurin kafin a kira mota ta gaba ta ja baya.